Rabin Wasiƙar da Aka Ce In Yanke

Sau ɗaya tak aka taɓa ba ni takardar tuhuma a wurin aiki, kuma da za a maido da Larabar da ta jawo mini ita yau, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai ma in ƙara gyara zama. Laifina bai wuce an ce in yanke rabin wasiƙa na ƙi ba.

A lokacin ina aiki da wata 'yar ƙungiyar manoma da masu kiwon awaki a Dutse, a wani gida mai ɗaki huɗu da aka mayar ofis. Wani ƙaton dutse ne ya tokare bayan gidan, da rana ta take sai ya riƙa huro mana zafi kamar tanda. Ni ce mai buga takardu. Daga wani ƙauye na fito a ƙasar Miga, kuma da awakin Inna, wato mahaifiyata, na yi difloma, don duk sanda za a koma makaranta sai an ja ɗaya zuwa kasuwa tana turjewa. Saboda haka kujerar nan ta gaban kwamfuta ba abin wasa ba ce a wurina. Na san kowace akuya da ta bar gidanmu kafin in zauna a kanta, har da wata ja mai gutsuren kunne da Inna ta kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba bayan an sayar da ita.

Babban aikina shi ne sanarwar mako. Duk ranar Laraba nake rubuta ta: ranar rabon iri, abin da ake hange game da ruwan sama, ranar zuwan malaman dabbobi, da makamantansu. Ta imel muke aika ta ga wakilanmu na mazaɓu a Ringim da Buji da Miga, su arba'in da wani abu. Masu tallafa mana ne suka buɗe wa kowane wakili adireshi, don suna son komai ya bar shaida, kuma sanarwar ta fi ƙarfin ɗan gajeren saƙon tes. A shekarun nan manyan wayoyi na shafawa ba su shiga ƙauyukanmu sosai ba. Abin da ke aljihun wakilai 'yar ƙaramar waya ce mai maɓallai da tocila, wadda fuskarta ba ta fi kwalin ashana girma ba.

Wakilin ƙauyenmu tsohon malamin firamare ne, Baba Wakili muke ce masa. Duk safiyar Juma'a yakan hau wani tudu da ke bayan makaranta, don nan ne kaɗai ake samun sabis, ya ɗaga waya sama har saƙon ya shigo. Bayan an sauko daga masallaci sai ya tsaya a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa ya karanta wa maza. Matarsa kuma ta kwafe a littafin rubutu, ta bi gida-gida tana karanta wa mata. Ta haka Inna take jin abin da na rubuta. Ba ta yi boko ba, kuma ba ruwanta da wata ƙungiya. Ita dai idan aka karanta gaisuwar da nake buɗe kowace sanarwa da ita, cewa muna gaida manoma da masu kiwo, maza da mata, ya zafi, ya dabbobi, ya ƙoƙari, sai ta amsa da "Lafiya lau" kamar ina zaune a gabanta, sannan ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabta wasiƙar 'yar nan ta iso.

Wadda ta koya mini aikin wata mata ce 'yar Filato, Anti muke kiranta. Ta haura shekara ashirin a Dutse, tana Hausa da irin karin harshensu, kuma idan tana buga takardu takan rera waƙar coci ƙasa-ƙasa ba tare da ta sani ba. Ita ta ƙirƙiro tsarin da muke bi. Ranar da na fara, na zauna ina neman inda zan danna in yi wa rubutu kala, sai ta buge mini hannu.

"Ƙanwata, bar kwalliyar nan," in ji ta. "Rubuta maganarki tsura. Inda kike son kan magana, sa hash a farkon layi, irin wadda kike dannawa idan za ki saka kati. Kalmar da kike son ta fito da kauri, sa mata tauraro gaba da baya. Idan jeri ne, ja ɗan gajeren layi a gaban kowane abu. Shi ke nan aikinki."

Na ce, "To Anti, haka mutane za su gan shi, duk taurari?"

Ta ce a'a. Ta nuna mini wata 'yar manhaja da ta rubuta da kanta. Idan na gama sai in miƙa mata rubutun, ita kuma ta fitar da shi gida biyu. Ɗaya mai ado: hash ta zama babban kai, tauraro ya zama kauri, ga tambarin ƙungiya a sama. Ɗaya kuma tsura: an share alamomin, kan magana ya koma manyan baƙaƙe, babu hoto, babu kala, magana ce kawai. Sai ta zuba su duka biyun a ambulan ɗaya, ta sa shinge a tsakaninsu, tsuran a gaba, mai adon a baya. Idan saƙon ya isa, wayar mutum ce take zaɓa. Mai ƙarfi ta ɗauki mai ado, mara ƙarfi ta ɗauki tsura, kuma kowa yana ganin wasiƙa ɗaya aka aiko masa.

"Kamar fura ce," in ji Anti. "Dunƙule ɗaya ne. Mai nono ya dama da nono, mara shi ya dama da ruwa, kowa dai ya sha."

A makona na biyu na yi ɓarnar da har yau ake tsokanata da ita a ƙauye. Garin sauri na aika rubutun kai tsaye, ban bi da shi ta manhajar ba. Baba Wakili ya buɗe ya ga tauraro, ga lamba, ga hash can ƙasa. Bawan Allah ya zaci ƙungiya ce ta turo wa wakilai kuɗin waya, ya tsaya a kan tudu ya danna har sau uku. Sannan ya kira ni, ransa a ɓace, ya ce katin da muka aiko kamar wani ya riga shi sakawa. Anti ta yi dariya har ta share hawaye da bakin ɗankwali. Washegari ta zo da wata tsohuwar waya irin ta wakilai, an ɗaure bayanta da roba, ta jefa mini a durowa. Ta ce daga yau kada saƙo ya fita sai na fara aika wa wannan wayar na gani da idona.

Shekara uku muna haka, sai Anti ta yi ritaya ta koma garinsu. Ranar da za ta tafi ta ba ni kofin shayinta, ta ce in kula da tsohuwar wayar nan fiye da yadda nake kula da kwamfuta. Ba a yi wata biyu ba aka kawo mana sabon darakta daga Abuja.

Ba zan zalunce shi ba: ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Yakan riga kowa zuwa ofis. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa ganin tudun bayan makaranta ba, kuma wayarsa ta kai faɗin faranti. Wata rana ɗaya daga cikin masu tallafa mana ya amsa sanarwarmu, sai amsar ta jawo rabin nan tsura a ƙarƙashinta. Darakta ya gani, ya aiko a kira ni.

"Malama, wannan mene ne?"

"Sanarwarmu ce, ranka ya daɗe."

"Wannan? Babu tambari, babu kala, kamar takardar mai shago? Mutanen da ke riƙe da mu haka suke ganinmu?"

Na yi masa bayanin ambulan mai gida biyu, har da furar Anti. Ya saurare ni da irin haƙurin da ake yi wa mai ba da labarin aljanu. Mako na zagayowa ya ɗauko wani mai zane daga Kano, aka shirya fasta koriya shar, da tambari, da hoton wani narkeken rago wanda ko kakansa bai taɓa taka ƙasar Jigawa ba. Duk rubutun sanarwar a cikin hoton aka zuba shi. Umarni ya biyo baya: daga yau mai zanen zai riƙa turo fasta duk mako, ita kaɗai za a aika, a cire wancan rabin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hoton nan nauyi gare shi. Wayoyin wakilai ba za su ɗauka ba."

Ya ce, "Mu gaba muka nufa, ba baya ba. Wanda wayarsa ba ta ɗauka ya canza waya."

Na so in tambaye shi da me za su canza, da gashin ragon cikin fasta? Amma na haɗiye. Kuma ga abin da nake jin kunyarsa har yau: na bi umarnin. Mako biyu cur na bi shi.

Juma'ar farko, la'asar sakaliya, Baba Wakili ya kira ni. Ya ce, "'Yata, lafiya kuwa? Ambulan ɗinki ya iso babu wasiƙa a ciki." Ya ce ya tsaya a tudu tun hantsi, waya tana ta juyi, da ta buɗe sai wani ɗan akwati fari fat. Mutane sun taru a gindin tsamiya, ya rasa abin faɗa, har wani ya ce ko dai ido ne ya fara gaza malam. Dattijo ne da ya koyar da rabin mutanen wurin karatu, kuma ni na jawo aka yi masa wannan ba'ar. Ran Litinin na shiga na faɗa wa darakta. Ya ce ya ji, sabon abu dole sai an saba da shi. Juma'a ta biyu ba wanda ya kira ni ko ɗaya, wannan ya fi ta farko ciwo, don na san sun fara cire rai.

A mako na uku jadawalin rigakafi ya iso. Wanda bai yi kiwo a wajenmu ba ba zai gane nauyin wannan takarda ba. Sau ɗaya a shekara malaman dabbobi suke zagayowa da allurar cutar nan mai sa awaki majina da zawo, kowace mazaɓa da ranarta, kuma idan suka wuce sun wuce. Lokacin bazara ne, ba a yi shuka ba, dabbobi a sake suke. Da an idar da sallar asuba ake buɗe musu ƙofa, su bazama cikin gonaki neman kara da 'ya'yan gawo, ba mai sake ganinsu sai yamma. Idan ba a sanar da mutane tun da kwanaki su ɗaure awakinsu a turke ba, malamai za su zo su zauna a inuwa su tashi da allurarsu. Ga shi kuma ana ta raɗe-raɗin cutar ta ɓulla a wasu ƙauyuka can gabas da mu. Awakin Inna tara ne a lokacin, biyu da ciki, kuma su ne duk abin da ta mallaka.

Mai zane ya turo fastarsa. Ranaku da sunayen mazaɓu duk suna ciki, a ƙarƙashin ƙafar rago.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zo mini shi ne in kira Baba Wakili a waya in faɗa masa ranar ƙauyenmu. Minti biyu ya isa, awakin Inna sun tsira, kujerata ta tsira, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Har na ciro lambarsa. Sai na tuna sauran wakilan. Kowannensu akwai wata tsohuwa a mazaɓarsa mai awaki tara ko uku ko ɗaya tal, wadda ba ta da 'ya a ofis a Dutse. Kuma awakin Inna a tafki ɗaya suke shan ruwa da na ƙauyuka huɗu. A nan ne raina ya ɓaci. Wato an kafa ƙungiya da sunan waɗannan mutane, ana karɓo tallafi da hotunansu, amma su ne ake jin kunyar a rubuta musu abin da za su iya karantawa?

Ranar Laraba bayan sallar azahar na zauna, ƙofa a buɗe, fanka tana ta ƙugi. Na buɗe farin shafi na rubuta gaisuwata kamar kullum. Na sa hash na rubuta kan magana. Na jera mazaɓu da ranakunsu, kowace da ɗan layinta a gaba. Na zo kan jimlar da ta fi kowace muhimmanci, cewa a ɗaure awaki da tumaki tun jajibiri, kada a sake su da safe, na maimaita ta sau biyu, na farko a sama, na biyu a ƙasa, don na san Baba Wakili yakan gaji a tsakiya. Na miƙa wa manhajar Anti, ta fitar da gida biyu. Na cire mai adon da ta yi, na sa fastar darakta a gurbinsa, ban taɓa ko gashin ragon ba. Tsuran a gaba, fasta a baya, ambulan ɗaya. Na jawo durowa na gwada a tsohuwar waya mai roba, sai ga gaisuwata ta fito layi-layi. Na yi bismilla na danna.

Ba a jima ba darakta ya wuce ta ƙofata, ya ɗago mini farantinsa, kore ya cika fuskar wayar.

"Kin ga yadda ta yi kyau?"

"Ta yi kyau, ranka ya daɗe," na ce. Ban kuwa yi ƙarya ba, ta yi kyau.

Ranar rigakafin ƙauyenmu ba na nan, a waya Baba Wakili ya ba ni labari, yana magana yana haki don murna. Ya ce layin awaki ya tashi daga gindin tsamiya har bakin rijiya, kuka ya cika gari, mata sun aiko da nasu a hannun duk wanda ya samu, har shuɗin fentin da ake ɗiga wa wadda aka yi wa allura ya ƙare, aka koma shafa toka. Ya ce Inna da kanta ta yafa mayafi ta tsaya a bakin zaure tana lura, kada a tsallake masu cikin. Daga sauran mazaɓu ma irin labarin da ya riƙa zuwa ke nan. Darakta ya ji daɗi ƙwarai, ya ce kun ga amfanin fasta. Ni kuwa na ci gaba da abina duk Laraba, har mako biyar.

A Ringim asirina ya tonu. Darakta ya kai wasu baƙi taron wakilai, ya tafi da ni in rubuta sunayen mahalarta. Wakilin wata mazaɓa, mutum mai son magana a gaban jama'a, ya miƙe ya ce suna godiya ga mai girma darakta da ya ji kukansu ya dawo musu da wasiƙarsu bayan mako biyu da ta ɓata. Don ya nuna wa baƙi yadda suke yi, sai ya zaro 'yar wayarsa, ya gyara murya, ya fara karantawa: muna gaida manoma da masu kiwo, maza da mata, ya zafi, ya dabbobi. Na ga darakta ya sunkuya ya duba tasa wayar. Babu gaisuwa a fasta. Ya miƙa hannu aka ba shi ta wakilin, ya riƙe ta da yatsu biyu, ya karanta, sannan ya ɗago ya dube ni. Na ci gaba da rubuta sunaye.

Washegari na tarar da takardar a kan teburina. An tuhume ni da saɓa umarni bayyananne, an ba ni kwana ɗaya in kare kaina. Abokan aiki suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya suna ba ni shawara cikin raɗa. Kowa bakinsa ɗaya: ki ce kuskuren manhaja ne, ki ce Anti ce ta saita ta haka, ai ta tafi, ba abin da za a yi mata, ki ba da haƙuri a wuce wurin. Na gode musu. Amma in ɗora wa matar da ta ba ni kofin shayinta laifin da ba laifi ba, don in tsira da kujera? Wannan kam ko Inna ta ji sai ta tsine wa diflomar.

Amsata ba ta cika rabin shafi ba. Na rubuta cewa ba kuskure ba ne, ni na sa rabin nan da hannuna, ina sane. Fastar da aka ce in aika na aika ta, ba a rage mata komai ba. Abin da na ƙara shi ne hanyar da masu awakin za su ji abin da aka rubuta dominsu. Na rufe da cewa idan aka bar ni a kujerar, ranar Laraba zan sake. Na ɗauko tsohuwar waya, na buɗo saƙon makon farko, ɗan akwatin nan fari, na ɗora ta a kan takardar na kai masa.

Ya karanta sau biyu. Ya kalli wayar, ya ture ta gefe da bayan biro.

"Malama, kin san abin da wannan amsar za ta jawo miki?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ba maganar waya nake ba. Kin yi abu a bayan idona, kin bar ni ina yabon fasta a gaban mutane. Kin mayar da ni abin dariya."

A nan yana da gaskiyarsa, ban musa ba. Na ce, "Sau biyu na faɗa maka a gaban idonka, ranka ya daɗe. Na uku ne na yi a baya, don allura ba ta jira." Na ƙara da cewa akwai wani dattijo da aka yi wa dariya a gindin tsamiya tun kafin shi, kuma shi ba wanda ya ba kowa takarda a kansa. Wannan ta ƙarshen da na bar ta a ciki da ya fi, amma ta riga ta fita, kuma ban bi ta da ban haƙuri ba.

Ba a kore ni ba. An ɗauke ni daga kwamfuta aka mayar da ni sito, wani ɗaki mara taga a jikin dutsen nan, inda ake jibge buhunan iri da maganin feshi. Mai zanen Kano aka ba aikin aikawa daga can inda yake. Ranar farko na rufe ƙofa na zauna a kan buhun gero na yi kuka sosai, ba don na yi nadama ba, sai don kujerar nan ta yi mini ciwo, kuma ban san da wane baki zan faɗa wa Inna ba.

Da Laraba ta zo aka liƙa fastar makon a allon sanarwa na baranda, kamar yadda darakta yake so. Lokacin hutun azahar na tsaya a gabanta da tawa wayar, na kwafe ta kalma-kalma da babban yatsa, na sa gaisuwata a sama, na aika wa wakilai daga nawa adireshin. Babu hash, babu tauraro, babu manhaja, rabin nan tsura ne kawai yake tafiya shi kaɗai. Darakta ya fito zai tafi masallaci ya same ni a tsaye ina yi. Na gaishe shi, ya amsa, ya dubi allon, ya dubi wayata, sai ya wuce. Wayata ce, datata ce, hutuna ne, kuma abin da ke jikin allo ai don a karanta aka liƙa shi. Kusan shekara biyu na yi ina haka, har manyan wayoyi suka fara shiga aljihun wakilai. Kujerar kuwa ban sake zama a kanta ba.

Sai da na yi wata guda a sito kafin in iya zuwa gida. Na hau mota ta Kiyawa da Jahun, takardar tuhumar da kwafin amsata a jakata, ina ta shirya yadda zan fara. Na tarar an yi shuka, awaki sun koma turke. Tara ɗin nan sun zama goma sha biyu, don ɗaya daga masu cikin tagwaye ta haifa, kuma har lokacin ana ganin ɗigon shuɗi a goshin manyan. Bayan na ci na sha, muna zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, na sunkuyar da kai na ce, "Inna, an ɗauke ni daga kujerar da awakinki suka saya mini."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Sata kika yi?"

"A'a."

"To me kika yi?"

Na ciro takardar tuhumar. Ta ce in karanta mata. Na karanta, ina fassarawa, ina yi mata bayanin ambulan mai gida biyu da fastar rago. Ta ce ashe shi ya sa aka yi Juma'a biyu matar Baba Wakili ta shigo da littafi a rufe, ita har ta ɗauka ciwo nake aka ɓoye mata. Sai ta ce, "Ke kuma me kika ce musu?" Na ciro kwafin amsata na karanta. Da na kai wurin da na ce ranar Laraba zan sake, ta ɗaga hannu.

"Maimaita nan."

Na maimaita.

Ta karɓi takardun biyu, ta juya su a hannunta duk da ba ta san sama da ƙasansu ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado. Na leƙa, na ga ta ɗaga zannuwan ajiya ta fito da ledar da take adana takardar diflomata a ciki, ta buɗe, ta shimfiɗa takardar tuhuma da amsarta a kai, ta sake ɗaurewa.

Na ce, "Inna, wannan fa takardar laifi ce."

Ta rufe adakar, ta mayar da kwaɗo, ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Waccan awaki ne suka tsaya miki. Wannan ke kika tsaya musu. Wuri ɗaya za su zauna."

Sannan ta ce in tashi in kai musu dusa, tun ɗazu suke kuka ina zaune ina surutu.